Ina Kwana? Tambayar da Agogo Ba Ya Iya Amsawa

Bahaushe ba ya shiga zancen rana sai ya tambayi labarin dare. Da gari ya waye, ɗa ya durƙusa gaban mahaifinsa, maƙwabci ya leƙa zauren maƙwabcinsa, kalmar farko ita ce, "Ina kwana?" Tun kaka da kakanni mutum ɗaya ne yake da ikon amsa wannan tambaya, wato wanda ya yi kwanan. A zamaninmu kuwa an sami wani mai amsawa na biyu. Akwai agogon da ake ɗaurawa a hannu a kwana da shi, da safe ya nuna wa mai shi a wayarsa awa nawa ya yi yana barci, sau nawa ya farka, har ya ba shi maki kamar ɗan makaranta. Kamfanin Fitbit na Amurka ya fara sayar da irin wannan na'ura a shekarar 2009, Apple ya sa awon barci a agogonsa a 2020, wasu kamfanoni kuma sun bi sahu da masu araha, har ana samunsu a kasuwannin waya na biranenmu.

Tambayar da muke so mu duba ita ce: sa'ad da agogo ya rubuta cewa mutum ya farka cikin dare, me ya sani game da wannan dare? In kuma ya rubuta cewa ya yi barci lafiya, za mu gaskata shi? Za mu kai tambayar biranen Kartum da Umdurman na ƙasar Sudan, gama a can ne dare ya nuna abin da ma'auni yake iya gani da abin da ya fi ƙarfinsa.

Yadda agogon yake sanin barci

Barci aikin ƙwaƙwalwa ne, agogo kuwa a wuyan hannu yake. Saboda haka ba barcin kansa yake gani ba, alamunsa yake bi. A cikinsa akwai wani ɗan ƙaramin ma'auni mai jin motsi, wanda yake lura da kowane juyi na hannu. A bayansa kuma akwai 'yar fitila, galibi koriya, mai haska fata don ƙirga bugun zuciya ta yadda jini yake kai da kawowa. Idan hannu ya daɗe bai motsa ba, zuciya kuma ta sassauta, sai lissafin da ke cikin na'urar ya yanke hukunci cewa mutumin ya yi barci. Idan hannu ya motsa sosai, sai a rubuta farkawa.

Likitoci suna da hanyar da ta fi wannan tabbas. A ɗakin gwajin barci ana manna wayoyi a fatar kai, da gefen ido, da haɓa, a karanta aikin ƙwaƙwalwa daƙiƙa 30 bayan daƙiƙa 30 har gari ya waye. A shekarar 2021 masu bincike na wata cibiyar lafiya ta sojan ruwan Amurka sun gwada na'urori bakwai da wannan hanya, a kan matasa 34 masu lafiya. Sun tarar na'urorin suna gane barci sosai: cikin kowane lokaci 100 da mutum yake barci, suna kama 93 ko fiye. Amma wajen gane farkawa sun gaza ƙwarai: mafi ƙwazo a cikinsu ta kama kashi 54 cikin 100, mafi rauni kuwa kashi 18 kawai. Dalilin a fili yake. Mutumin da ya kwanta shiru, idonsa biyu, yana tunani, bai motsa ko yatsa ba, a wurin agogo ba shi da bambanci da mai barci.

Ashe ke nan agogon yana da makanta iri biyu. Ta fari, ba ya ganin farkawar da ba ta da motsi. Ta biyu, farkawar da ya gani ma bai san dalilinta ba. Duka yakan zuba su a kwando ɗaya, ya cire su daga makin dare. Mai karatu ya riƙe waɗannan biyu, za mu sake gamuwa da su.

Dararen bakin Nilu

Kartum tana zaune a inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu, Umdurman tana hayin yamma, Bahri kuma tana arewa. Birane uku ne da gadoji suka haɗa su. Ba baƙon wuri ba ne ga Bahaushe. Ɗaruruwan shekaru mahajjatan ƙasar Hausa suna ratsa Sudan a ƙafa, da yawa kuma suka zauna. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka kafa garin da ake kira Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar. Wasu sun yi aikin auduga a gonakin Jazira da aka buɗe a 1925, wasu suka shiga babban birni da sana'o'insu. A shekarun baya-bayan nan kuma ɗalibai da yawa daga Kano, da Sakkwato, da Katsina, da Maraɗi sun yi karatu a jami'o'in Kartum.

Dare a waɗannan birane tun asali ba a yinsa a dunƙule. A watan Mayu zafin rana yakan wuce digiri 40, don haka mutane sukan huta da tsakar rana, da dare kuma su fito da gadajen igiya, waɗanda suke kira angarib, su kwanta a tsakar gida a ƙarƙashin taurari. Mai kwana a fili yakan ji haushin kare, da kukan jaririn maƙwabta, da kiran sallar asuba. A goman ƙarshe na azumi masallatai sukan cika da masu tahajjud bayan tsakar dare, sa'an nan a ci sahur. Kibɗawan da suka daɗe a unguwar Masalma ta Umdurman su ma suna da addu'ar tsakar dare a cikin tsarin ibadarsu. Da za a ɗaura wa dukan waɗannan agogo, da safe sai ya ce musu darensu ya lalace, alhali su kuwa sun tashi da farin ciki.

A cikin irin wannan goman ƙarshe ne, ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojan ƙasa ƙarƙashin Janar Abdul Fattah al-Burhan da dakarun RSF ƙarƙashin Janar Muhammad Hamdan Dagalo. Kusan shekara biyu ana gwabzawa a cikin unguwanni. Jiragen sama suna jefa bom, igwa tana harbi daga wannan hayi zuwa wancan, jirage marasa matuƙi suna shawagi, 'yan bindiga suna shiga gidaje. Gadar Shambat da ta haɗa Umdurman da Bahri ta rushe a watan Nuwamba 2023. A Fabrairu 2024 layukan waya da intanet suka ɗauke a faɗin ƙasar. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga fiye da mutum miliyan 10 da suka bar gidajensu. Hausawa suna cewa dare mahutar bawa, amma a waɗannan shekaru ko wannan ɗan hutu an ƙwace wa talakan Kartum.

Gida ɗaya, dare uku

Bari mu ɗauki misali, don tunani ya sami abin kamawa. A ce a wani gida a Umdurman, a ɗaya daga cikin waɗancan darare, mutum uku sun kwana da agogo a hannu.

Ta fari uwa ce mai goyo. Ta tashi sau huɗu ta shayar da ɗanta, ta taɓa goshinsa ko zazzaɓi ya sauka. Na biyu saurayi ne cikin matasan unguwa da suka kafa ƙungiyoyin agajin gaggawa, masu dafa abinci a manyan tukwane don ciyar da jama'a kyauta, abin da mutanen Sudan suke kira takiyya. Ya kwanta a makare domin ya taimaka an kai wani mai rauni asibiti, ya kuma tashi tun da sauran duhu don neman itace da ruwa. Na uku dattijo ne. Tun da ya ji ƙarar igwa ta farko ya miƙe a kan angarib ɗinsa, bai ƙara motsi ba. Yana saurare, yana ƙiyasta nisan kowace ƙara, yana tuna 'ya'yansa da suke hayin kogi, ya kuma ƙi juyawa don kada jikokinsa su gane yana tsoro. Haka ya kwana har aka yi kiran salla.

Da safe me agogo zai ce? Uwar da saurayin za su sami maki kaɗan, da shawarar su gyara halinsu na kwanciya. Dattijon kuwa, wanda darensa ya fi na kowa ɗaci, yana iya samun yabo cewa ya yi awa bakwai cikin natsuwa. Waɗanda suka ba da barcinsu sadaka an rubuta musu hasara, wanda aka sace masa barci kuma an rubuta masa riba. Har wa yau akwai abu na uku: agogon yana bukatar caji, kuma sai da waya yake aika labarinsa. A unguwar da ta yi watanni ba wutar lantarki, dararen da suka fi muni su ne ba a rubuta su ko kaɗan ba.

Kada mai karatu ya ɗauka muna zargin na'urar da ƙarya. Ta faɗi abin da ta ji, motsi da rashin motsi. Laifin yana zuwa ne sa'ad da mutum ya karɓi wannan ɗan labari ya mai da shi cikakken hukunci a kan dare.

Ko kowace farkawa hasara ce?

Makin da agogo yake bayarwa an gina shi a kan wani zato, wato barci mai kyau shi ne wanda aka yi shi a miƙe daga kwanciya har safiya. Masana sun nuna cewa wannan zato bai kai tsufan da muke tsammani ba. Barcin babban mutum yana zuwa ne zagaye-zagaye, kowanne kimanin minti 90, kuma mai cikakkiyar lafiya ma yakan ɗan farka a tsakani ba tare da ya tuna ba. Wani masanin tarihi Ba'amurke, Roger Ekirch, ya tara shaidu masu yawa daga tsofaffin takardun Turai, ya buga su a 2001 da 2005, yana nuna cewa kafin fitilun zamani mutane sukan yi barcin fari, su tashi su yi addu'a ko hira ko ɗan aiki, sa'an nan su koma barci na biyu. A nan kusa da mu, Paul Bohannan ya rubuta a 1953 cewa Tibi na ƙasar Binuwai suna da irin wannan rabon dare. A 1992 wani likita mai suna Thomas Wehr ya ba da rahoton gwajin da ya sa mutane zama cikin duhu awa 14 kowace rana har wata guda. Barcinsu ya rabu biyu da kansa, da farkawa mai natsuwa a tsakiya.

Akwai kuma binciken da ya fi dacewa da zancenmu. A 2017 David Samson da abokan aikinsa sun ɗaura wa mutum 33 daga cikin Hadza, mafarauta na ƙasar Tanzaniya, ma'aunin motsi a hannu har kwana 20. A dukan wannan lokaci, jimlar minti 18 ne kaɗai aka samu kowa da kowa yana barci a lokaci ɗaya. Ba wanda aka naɗa mai gadi. Tsofaffi suna kwanciya da wuri su tashi da wuri, matasa suna kai dare, ta haka kusan kullum akwai ido buɗe a zango. Ka ga abin mamaki: na'ura iri ɗaya ce, amma da aka karanta ta a kan jama'a gaba ɗaya, farkawar da ake gani aibi ce ga mutum ɗaya sai ta zama garkuwa ga kowa. Kakar da take kukan barci ya ƙaurace mata tana iya zama dalilin da jikokinta suke barci ba fargaba.

Wannan ya kai mu ga gaskiyar da agogo ba shi da gurbin rubuta ta: barcin kowane mutum bashi ne da ya ci daga idon wani. Jariri yana barci domin uwa ta farka. Majinyaci yana barci domin ma'aikaciyar jinya tana zagaya ɗaki. Mai dukiya yana minshari a ɗakinsa domin maigadi yana zaune a ƙofa cikin sanyin hunturu, sau da yawa a kan albashin da bai kai kuɗin agogon da ke hannun maigidan ba. Wanda ya duba makinsa da safe ya ga 90, ya kamata ya tambayi kansa, wa ya biya?

Abin da za a iya faɗa a madadin agogo

Mai adalci zai ce, to, kada a wuce gona da iri. Da gaskiyarsa. Likitoci sun yarda babban mutum yana bukatar barcin awa bakwai ko fiye, kuma rashinsa na tsawon lokaci yana da alaƙa da hawan jini, da ciwon sukari, da haɗarin mota. Akwai masu cutar da numfashi yake tsayawa cikin barci, suna farkawa sau da yawa ba su sani ba. Irin waɗannan agogo yana iya sa su nemi likita, kuma a 2024 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince wa wasu agoguna su riƙa ba da wannan gargaɗi. Dattijon da yake yawan tashi fitsari shi ma gara ya je a duba shi. Zancen barci kashi biyu ma ba dukan masana suka karɓe shi a matsayin halin ɗan Adam na ko'ina ba, gama wani bincike na 2015 a kan Hadza, da San na Namibiya, da Tsimane na Bolibiya bai tarar suna doguwar farkawa a tsakiyar dare a kai a kai ba.

Kada kuma mu yi wa wahala ado. Uwar nan da saurayin nan jikinsu yana biyan farashi ko da niyyarsu ta yi kyau, kuma suna da hakkin a karɓe su su huta. Farkawar tsoro kuwa ciwo ce zalla, wadda takan bi mutum shekaru bayan bindiga ta yi shiru.

Duk da haka, ma'auni bawa ne mai amfani muddin bai zama alƙali ba. A 2017 wata masaniyar barci, Kelly Baron, da abokan aikinta sun ba da labarin majinyatan da neman cikakken maki ya hana su barci. Wasu ma da gwajin asibiti ya nuna barcinsu lafiya yake, sai suka fi gaskata agogo. Mutum ya tashi garau, ya duba waya, aka ce masa bai yi barci ba, nan take ya fara jin gajiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma ga mai ɗaki ya koma yana tambayar baƙo.

Kada mu zama agogo ga juna

Yawancin masu karanta wannan ba su da irin wannan agogo, wataƙila ba za su taɓa saya ba. Darasin bai tsaya a kan masu shi ba, domin makantar nan biyu tana cikin zuciyar ɗan Adam tun kafin a ƙera na'ura. Mu ma motsi muke gani. Wanda ya yi kuka da ƙarfi mukan ce yana da damuwa, wanda ya yi shiru mukan ce lafiyarsa ƙalau, mu wuce.

A ƙarshen Maris 2025 sojan Sudan ya karɓe tsakiyar Kartum, a watan Mayu kuma ya ba da sanarwar cewa ya kori RSF daga jihar baki ɗaya. Hankalin duniya, wanda da ma bai tsaya a kan Sudan sosai ba, ya ƙara kaucewa. Amma a wannan wata na Mayu jirage marasa matuƙi suka bugi tashoshin lantarki a Umdurman, ruwan famfo ya yanke, kwalara ta kashe mutane da yawa. Yaƙin kuma ya ci gaba a yamma, har garin Al-Fashir ya faɗa hannun RSF a Oktoba 2025, da kisan gilla mai yawa. Wanda ya auna zaman lafiyar birni da raguwar ƙara ya yi kuskuren da agogo ya yi a kan dattijon nan.

Abin bai yi mana nisa ba. A ƙarshen Afrilu 2023 motoci suka kwashe ɗaliban Nijeriya daga Kartum zuwa iyakar Masar da kuma Bur Sudan, daga farkon Mayu jirage suka fara sauke su a Abuja. Sun koma gidajensu, an yi musu barka da arziki, an ci gaba da harkoki. Mutum nawa ne ya zauna da ɗaya daga cikinsu bayan wata shida ya tambaye shi yadda yake kwana? A ƙauyukan Katsina, da Zamfara, da Sakkwato, da kudancin Maraɗi, akwai iyalan da suka yi darare a daji ko a gona don tsoron 'yan bindiga, da safe su dawo gida su amsa gaisuwa da "Lafiya lau." Akwai gwauruwar da ba ta ƙorafi, da magidancin da bashi ya danne shi, da yarinyar da take kwance shiru domin ta koyi cewa motsi yana jawo duka. Shiru-shiru ba kullum ne lafiya ba.

Me ya rage mana mu yi? Abu uku, kuma ba ɗayansu da yake bukatar kuɗi. Na fari, mu daraja masu farkawa dominmu, mu kuma karɓe su: miji ya ɗauki jariri wani dare, maigida ya ba maigadi ranar hutu da hakkinsa a kan kari, unguwa ta raba tsaro yadda ba zai faɗa kan mutum biyu kullum ba. Na biyu, wanda ya farka cikin dare ba tare da ciwo ba kada ya tsorata da farkawar; ya bar duban agogo, ya yi addu'arsa ko tunaninsa cikin natsuwa, barci ɓarawo ne, zai dawo ta inda ba a zata ba. In kuwa abin ya daɗe yana hana shi aikin rana, ya nemi likita, ba kunya a ciki. Na uku, mu mayar wa gaisuwarmu nauyinta.

Gama "Ina kwana?" ta fi kowane agogo da abu guda: tana mai da hukunci ga wanda ya yi daren. Amma gaisuwa ma takan zama na'ura in an jefa ta ana tafiya. Mai tambayar gaskiya yakan tsaya, ya dubi ido, domin labarin zuciya a tambayi fuska. In amsa ta zo da sauri fiye da kima, yakan zauna a bakin tabarma ya sake tambaya a hankali, "Baba, da gaske ka runtsa kuwa?" Dattijon da ya kwana yana ƙirga ƙarar igwa ba zai faɗa wa agogo komai ba, amma yana iya faɗa wa wanda ya zauna ya jira.